Layin ƙasan fom, da abin da ya faru a kilomita 390

Akwai wani layi a ƙasan fom ɗin da muke cikewa kafin doguwar tafiyar keke wanda kusan kowa a guje yake wuce shi: wa za a kira in wani abu ya same ka, lambarsa, da kuma mene ne tsakaninku. Ni dai shekara da shekaru sunan matata nake rangaɗawa ban taɓa tsayawa wani tunani ba. Abin da zan faɗa a nan ya faru ne saboda wani abokin hawanmu shi ya tsaya ya yi tunani a kan layin, dogon tunani ma kuwa, ƙarshe ya rubuta sunan da ba shi ya kamata ba. Da izininsa nake rubutawa, amma ba zan kama suna ba, ko nasa ko na kulob ɗin ko na gari, mu dai ce masa gogan.

Gogan ya ɗan haura arba'in, aikin ofis yake yi, irin na zama gaban kwamfuta tun safe har yamma. Namiji ne da maza yake so, kuma akwai wanda suke zaune gida ɗaya shekara tara kenan a lokacin. Na san daga nan wasu za su ɗaure fuska, wasu ma su tafi abinsu, toh ba komai, ni ba muhawara na zo buɗewa ba, kuma kalmar nan da aka saba jifan irinsu da ita ba za ta fito a rubutun nan ba don shi zagi yake ɗaukarta, ni kuwa mutumin da ya taɓa cire rigar ruwansa ya ba ni cikin tsakar dare ina karkarwa ba zan zage shi ba. Abin da ya shafi labarinmu shi ne a lokacin babu wanda ya sani a kulob. Shekara huɗu muna hawa tare, na san gwiwarsa ta hagu ce ke fara ciwo, na san in ya gaji shiru yake yi ba mita ba, amma ban san wa yake tararwa a gida ba. In hirar iyali ta tashi sai ka ga ya sunkuya yana duba sarƙa, sarƙar da lafiyarta ƙalau.

Rayuwarsa ta kullum ba wani abin kallo a ciki. A keke yake zuwa aiki, kilomita 17 zuwa 17 dawowa, Talata da Alhamis ya ƙara zagaye a hanyar dawowa. Asabar ta doguwar hanya ce. Lahadi kuma ta abokin zaman nasa ce, wanda shi keke bai dame shi ba ko kaɗan, shi tafiyar ƙafa yake so da kwana a tanti da kallon tsuntsaye, har ɗan littafi gare shi da yake rubuta wanda ya gani da ranar. Gogan ya taɓa ce min abin da ya sa ya kamu da son doguwar tafiya shi ne bayan kilomita ɗari biyu babu mai sauran ƙarfin tambayarka komai, tambaya ɗaya ce ke yawo, ka ci wani abu? A lokacin na ɗauka raha ce kawai.

Ga wanda bai san harkar ba, irin hawan da muke yi ba tsere ba ne. Ana ce masa brevet, kuma wani tsohon kulob na birnin Faris mai suna Audax Club Parisien ne ke riƙe da dokokinsa a duniya. Za a ba ka hanya da kati da lokaci. Kilomita 200 awa 13 da rabi, 300 awa 20, 400 awa 27, 600 awa 40, kuma agogo ba ya tsayawa don kana barci ko taya ta yi faci, in ka lissafa kusan kilomita 15 kenan a awa har da duk wata tsayuwa. A hanya akwai tashoshi da ake buga maka hatimi a kati, kowace da lokacin rufewarta. Ba a yarda mota ta bi ka tana miƙo maka kaya a hanya ba, amma a tashar buga kati wani naka zai iya jiranka da busassun kaya da abinci, wannan doka ta yarda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Wanda ya gama huɗun nan a shekara ɗaya shi ne zai iya shiga Paris-Brest-Paris, kilomita 1,200 da 'yan kai cikin awa 90, da ake yi duk shekara huɗu, abin da aka faro tun 1891 lokacin da Charles Terront ya zo na ɗaya. Na 2023 daga garin Rambouillet kusa da Faris aka tashi cikin watan Agusta, kuma shi gogan ya sa a gaba. Ya gama 200 da 300 da 400 sumul. Saura 600.

Mun tashi ƙarfe shida na safiyar Asabar, kenan muna da har goma na daren Lahadi. Wunin farko babu abin faɗi, iska a gaba na wasu awoyi, faci ɗaya a tayata ta baya, shikenan. Inda na fara lura da wani abu shi ne wajen yamma, ya rage ci. Jikin mutum sukarin da yake ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, in ana aiki da ƙarfi awa biyu ta isa ta cinye mafi yawansa, shi ya sa ake cewa a riƙa zuba kamar giram 60 na abinci mai sitaci ko sukari duk awa, ana jin yunwa ko ba a ji. Matsalar ita ce bayan awa goma sha biyu ciki yakan yi tawaye, komai ka sa a baki kamar kwali, kuma daidai lokacin ne bai kamata a daina ba. Shi ya daina. Ruwa kawai yake kurɓa.

Mun iso tashar kilomita 340 ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare. Tashar sai huɗu da minti arba'in za ta rufe, wato awa huɗu muke da su a aljihu, kuma akwai ɗaki da aka shimfiɗa tabarmi, mutane har sun fara minshari. Duk wanda ya san 600 ya san nan ne wajen kwanciya, ko da awa ɗaya da rabi ce. Nace masa malam mu ɗan miƙe. Yace shi wucewa zai yi, wai yana da aiki Litinin da sassafe yana so ya gama da wuri. Nace aikin Litinin me ya haɗa shi da daren Asabar, ko mun kwanta ai kafin magaribar Lahadi mun gama. Yayi dariya kawai yana ɗaure hular kwano. Rigarsa a jiƙe take da gumin rana kuma sanyi ya sauko, ba shi da ta canji.

Daga baya na san gaskiyar maganar. Abokin zamansa yana da wani taro na wajen aikinsu Lahadi da yamma, abu mai muhimmanci a wajensa, gogan ya yi alkawarin zai je, shi ne yake ta lissafin ya gama da azahar ya yi wanka ya tafi. Da ya faɗa min haka da nace masa ɗauki waya ka tura saƙo ka ce za ka makara, magana ta ƙare. Amma ta yaya zai faɗa? Sai ya ƙirƙiro aikin Litinin, ni kuma na yi ta gardama da dalilin da ba shi ne dalilin ba. Na biyu kuma, wannan ya fi ci min rai, ashe abokin zaman ya ce zai tuƙo mota ya jira shi a wannan tashar da busasshiyar riga da abinci mai zafi, yadda matan wasu da 'yan uwansu suka yi a daren, gogan yace a'a kar ya zo, don bai san me zai ce mana ba in an tambaya wane ne wannan.

Ban bar shi ya tafi shi kaɗai ba, wannan kam na yi daidai. Mun bar tashar ɗaya da minti goma.

Wanda bai taɓa hawa tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba ba ba zai gane ba. Lokacin ne zafin jiki ke sauka ƙasa, ƙwaƙwalwa tana neman kashe fitila ko ka yarda ko ba ka yarda ba, sai ta riƙa satar barci na daƙiƙa biyu uku ido a buɗe. A gudun kilomita 25 a awa, daƙiƙa uku ta kai ka mita ashirin ba ka san inda kake ba. Ina bayansa ina kallon jar fitilarsa, sai na ga ta fara lilo, ta yi tsakiyar titi ta dawo, ta sake yi. Na yi masa magana yace lafiya lau, iska ce. Babu wata iska. A nan ne laifina yake, kamata ya yi in sha gabansa in taka birki in ce ba inda za mu sai ka kwanta minti ashirin ko a gindin bishiya ne, mun sha yin haka, amma na ji nauyinsa, na ce a raina bari mu kai gari na gaba, saura kilomita takwas.

Ba mu kai ba. A wata 'yar gangara mai kwana, ba ma wata mai tsanani ba, kwanar ta juya shi bai juya ba. Tayar gaba ta faɗa ramin gefen titi ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗar dama da gefen kai. Ƙarar da na ji ta hular kwano ce, ta tsage gida biyu a ciki. Fitilarsa ta gaba tana kwance cikin ciyawa tana haska sama, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, kilomita 390.

Ya farfaɗo da wuri amma ba ya riƙe magana. Ya tambaye ni a ina muke, na faɗa masa, bayan minti ɗaya ya sake tambaya, haka har sau biyar ko shida, wanda alama ce ta buguwa a kai da ba a wasa da ita. Na kira motar asibiti, na rufa masa bargon nan mai ƙyalli da muke yawo da shi, ban motsa masa wuya ba, sannan na kira mai shirya tafiyar a lambar da ke bayan kati. Shi kuma ya jawo fom ya kira lambar layin ƙasa. Sunan yayarsa ne a wajen. Mace ce da ke zaune tafiyar awa bakwai daga inda muke, wayarta a kashe don dare ne, ba ta ma san ƙanin nata yana kan hanya ba. An kira sau tara.

A asibiti aka tambaye ni ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, don gwiwar hannunsa ta yage sosai ƙasa ta shiga ciki, suna tunanin ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ni ina zan sani? Shi kuma gogan a lokacin ko ranar da ake ciki bai sani ba. Wayarsa a kulle, fuskarsa ta kumbura wayar ta ƙi gane shi, lambar sirri kuma ta ɓace masa. Wayoyin yanzu, iPhone ne ko Android, duk suna da wajen da mutum zai sa bayanan lafiyarsa da lambar wanda za a kira, ana iya buɗewa ko waya a kulle take, wata nas ta duba nan ma, wayam. Ashe fenisilin, ɗaya daga cikin irin waɗannan magungunan, ba ya karɓa, ya taɓa kumbura saboda shi har aka kwantar da shi, kuma mutum ɗaya ne a duniya bayan shi ya san haka da kyau, don shi ya kwana a gefen gadon wancan karon. Allah ya taimaka likitan ya yi taka tsantsan ya jira, amma fa sa'a ce kawai, ba tsarinmu ba.

Shi kuwa wancan mutumin yana gida idonsa biyu. Gogan yana tura masa inda yake ta waya, ɗan ɗigo ne a taswira da ke tafiya a hankali, kuma shi duk daren da ake irin wannan hawa ba ya barci sosai, ya tashi ya duba ɗigon ya koma. Ƙarfe huɗu da kwata ya ga ɗigon ya tsaya a inda babu gari babu tasha. Yace a ransa barci ne. Huɗu da rabi, biyar saura kwata, ɗigon na nan. Sai kuma ɗigon ya tashi da gudun da keke ba ya yi, ya bar hanyar da aka tsara gaba ɗaya, ya je ya tsaya a wani babban gini, ya matso da taswirar ya karanta sunan ginin. Ya kira wayar, tana cikin jakar leda a wajen nas. Ba shi da lambata, ba shi da ta mai shirya tafiya, ba shi da ta kowa a kulob ɗin da abokin rayuwarsa ya yi shekara huɗu a ciki. Ya kira asibitin suka ce ba za su ba da bayanin majiyyaci ga wanda ba shi ne a rubuce ba, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu kenan. Sai ya shiga mota, awa uku yana tuƙi bai san rai zai tarar ko gawa ba.

Wajen takwas da rabi ina zaune a baranda da takalmin keke a ƙafata, sai ga wani mutum ya shigo riga a birkice, ya dubi kayan jikina ya nufo ni kai tsaye ya ambaci sunan gogan, yace yana da rai? Nace yana da rai, ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye, an ɗauki hoton kai ba jini a ciki. Kafin ya zauna ma sai yace don Allah a gaya musu kar su ba shi fenisilin. Ban tambaye shi wane ne shi ba. Babu buƙata.

In aka zauna aka warware abin, faɗuwar kanta dalilanta na kowa ne: rashin ci tun yamma, jiƙaƙƙiyar riga cikin sanyi, awa 22 ba barci, da aboki a baya da ya ga fitila na lilo ya yi shiru. Duk mai doguwar tafiya ya san waɗannan, kuma dare a kan titi ba abin raini ba ne ko ga manya, Mike Hall da ya kafa Transcontinental, tseren keke na ratsa Turai, a 2013, wanda kaɗan ne suka kai shi sanin hawan dare, mota ce ta buge shi da asuba kusa da Kanbera a Ostareliya cikin Maris 2017 ya rasu. Amma ni abin da na gani, kuma shi ma gogan bai musa ba, shi ne uku daga cikin kurakuran daren tushensu ɗaya. Ƙin kwanciya, saboda alkawarin da ba zai iya faɗa ba. Rashin busasshiyar riga da abinci mai zafi, saboda mutumin da ba zai iya nunawa ba. Lambar da ba a ɗauka, saboda kalma ɗaya da ba zai iya rubutawa a gaban "mene ne tsakaninku" ba. Mutum ne da ke auna sarƙa da ma'auni ya canja ta kafin ta ci haƙoran giya, yana ɗaukar fitila biyu da tif uku, amma wajen da ya fi kowanne haɗari a shirinsa ya bar shi a buɗe da gangan, kuma ya san ya bari.

Ba na cewa tsoron nasa na banza ne. Akwai ƙasashen da rubuta wannan kalmar a fom zai iya kai mutum kurkuku, akwai kuma inda doka ba ta hana ba amma aiki ko dangi za su iya suɓucewa, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Ko a duniyar keke ba sabon abu ba ne, Graeme Obree ɗan Sikotland da ya kafa tarihin tafiya mafi nisa a keke cikin awa ɗaya a 1993 da keken da ya haɗa da hannunsa har da wani ƙarfe daga injin wanki, sai a 2011 ya fito ya faɗa cewa shi ma maza yake so, shekaru bayan ya bar tsere, kuma ya yi maganar irin wahalar da ɓoyon ya ba shi. Abin da nake cewa shi ne akwai hanyoyin tsakiya da gogan bai bi ba. Layin alaƙa ba dole sai an yi bayani ba, ka rubuta lambar ka sa "gida" ya wadatar, mai kira ba alƙali ba ne. Bayanan lafiya a waya minti biyar ne. Kuma ko mutum ɗaya a cikin abokan hawa ya kamata a ce yana da lambar wanda ke jira a gida, wanda ke gida shi ma yana da tasa, ko ba a faɗa masa komai ba sai "in wani abu ya faru kira wannan".

Na tambaye shi daga baya me ya sa bai nemi kulob na irinsu ba tun farko, tunda akwai su a manyan birane da yawa, ga wasannin Gay Games da Tom Waddell ya faro a San Faransisko a 1982 da ake tseren keke a ciki, ga tafiyar keke ta AIDS/LifeCycle ta kwana bakwai daga San Faransisko zuwa Los Anjelis, mil 545, da aka shekara fiye da ashirin ana yi kafin a daina a 2025. Yace ya san da su kuma yana ganin girmansu, amma shi ba tuta ya fito ɗagawa ba, kati yake so a buga masa hatimi kamar kowa, kuma kulob ɗin da ke shirya 600 kusa da shi namu ne.

Labari kam ya zaga kulob, ba ta bakina ba, mai shirya tafiyar ya zo asibitin da rana ya gani da idonsa. Mutum ɗaya ya daina amsa gaisuwarsa, har yau in an jeru a hanya ba ya bin bayansa. Biyu uku suka koma yi masa wata irin fara'a mai yawa da ta fi gajiyar da shi. Sauran yawancinsu tambayarsu ɗaya, kafaɗa fa, yaushe za ka dawo. Mai shirya tafiyar bai ce komai ba, amma fom ɗin shekara mai zuwa ya fito da layin lamba biyu, an ƙara wajen rubuta maganin da jiki ba ya karɓa, an cire tambayar alaƙa gaba ɗaya.

Irin wannan karaya takan ɗauki sati shida zuwa goma sha biyu a babban mutum, kafin ya warke an rufe gwaje-gwajen shiga, Faris ta wuce shi, sai 2027 in da rabo. Ni ma katina na wannan 600 ɗin hatimi ya tsaya a 340, sai da na sake wani bayan sati uku. Watannin da hannunsa ke rataye tafiyar ƙafa suka riƙa yi da kwana a tanti, yace a dole ya koyi sunayen tsuntsaye tunda ba ya iya gudu ya bar mai littafin a baya. Da ya dawo hawa, a 400 ɗinmu na farko, mun shigo wata tasha wajen sha ɗaya na dare sai ga mutumin nan a bakin ƙofa da jaka biyu. Ya miƙa wa gogan ɗaya, ya miƙo min ɗaya. Safa ce da riga, rigar ta yi min yawa a kafaɗa, na sa abata muka kwanta awa ɗaya da rabi.